Raƙumi a Gida, Akala a Waje: Tawayen Sawaba na 1964 a Madubin Yaƙin Basasar Girka

Gabatarwa

Duk Bakanon da ya ji kalmar sawaba a fagen siyasa, Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU ne za su faɗo masa a rai, ko kuwa Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Ƙalilan ne suka san cewa a ƙetaren iyaka, a Jamhuriyar Nijar, an yi wata jam'iyya mai wannan suna wadda ta taɓa riƙe gwamnati, aka tunkuɗe ta, aka haramta ta, har daga bisani ta ɗauki makami. Ƙarshenta ya zo da jini, sannan aka shafe shekaru ana tsoron ambatonta. Wannan maƙala za ta bi sawun shugabannin wannan tawaye, ta kuma ajiye su gefe da gefe da shugabannin 'yan kwaminis da suka jagoranci yaƙin basasar Girka daga 1946 zuwa 1949. Tsakanin Maraɗi da duwatsun Girka akwai hamada da teku, amma cutar da ta kayar da ɓangarorin biyu iri ɗaya ce: shugabanni sun auna talakawansu da mudun jiya, sun kuma jingina rayukan mayaƙansu a kan alherin maƙwabta.

Yadda raƙumi ya hau, da yadda aka durƙusar da shi

An haifi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Bazabarme ne, ɗan'uwan Jori Hamani na jini, kuma dukansu malaman makaranta ne da suka yi karatu a makarantar William Ponty ta ƙasar Sanagal. Tare suka fara siyasa a jam'iyyar PPN, reshen Nijar na babbar ƙungiyar RDA ta yankunan mulkin Faransa. A 1950 shugaban RDA, Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa, ya raba gari da jam'iyyar kwaminis ta Faransa domin ya shirya da 'yan mulkin mallaka. Jori ya bi shi, Jibo ya ƙi. Ya koma harkar ƙungiyoyin ƙwadago, sannan a 1954 ya kafa jam'iyyar UDN, wadda jama'a suka laƙaba wa suna Sawaba. Alamarta raƙumi, alamar abokiyar hamayyarta giwa.

Ko da yake Jibo da wasu na kusa da shi sun sha ruwan aƙidar Markisanci, akasarin mabiyansu ba su taɓa buɗe littafin gurguzu ba. Direbobi ne da 'yan kamasho da teloli da masu sayar da goro da ƙananan ma'aikata da leburori da mata masu zaman kansu, har da malaman allo, mafi yawansu a garuruwan Hausa irin su Damagaram da Maraɗi da Tasawa da Madawa. Abin da suke nema bai wuce ma'anar sunan jam'iyyar ba: sauƙi daga haraji, daga aikin tilas, daga wulaƙancin kwamanda da dogarin sarki. Su ne suka yaɗa jam'iyyar a tasoshin mota da kasuwanni, kamar yadda takwarorinsu suka yi wa NEPU a wannan ɓangare na iyaka.

A 1956 Jibo ya zama magajin garin Yamai, ya kuma ƙulla ƙawance da jam'iyyar BNA mai samun goyon bayan sarakuna. A zaɓen watan Maris na 1957 ƙawancen ya ci kujeru 41 cikin 60, Jibo ya shugabanci gwamnatin farko ta 'yan ƙasa. Sai dai haɗin talaka da basarake bai yi ƙarko ba, musamman da gwamnatin ta fara tuɓe rawunan wasu sarakuna. Da Janar De Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, inda ya ce kowane yanki ya zaɓi zama cikin tarayyar Faransa ko 'yanci nan take, Jibo ya bi sahun Seku Ture na Gini ya ce a kaɗa "a'a".

Faransa ta haƙura da Gini, amma Nijar wani lamari ne daban. Tana da iyaka da Aljeriya inda ake gwabza yaƙin neman 'yanci, an fara ganin alamun yuraniyom a yankin Azbin, ga kuma fargabar kada ƙasar ta karkata ga Nijeriya. Aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka baza sojoji, aka janye sarakuna daga jikin Sawaba. Sakamakon da aka bayyana ya ba "i" kusan kashi 78 cikin ɗari, alhali waɗanda suka fita kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba. Gwamnatin Jibo ta faɗi. A zaɓen Disamba na wannan shekara, 'yan kujerun da Sawaba ta samu a Damagaram da Tasawa ma soke su aka yi. A watan Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar baki ɗaya. Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta karɓi 'yanci a hannun Jori Hamani, mutumin da ya ce a zauna da Faransa, yayin da wanda ya nemi 'yancin tun farko yake gudun hijira a Bamako.

Wajibi ne a riƙe wannan a zuciya kafin a yanke wa shugabannin Sawaba hukunci. Ƙwace aka yi musu, aka kuma toshe musu akwatin zaɓe da jarida da kotu. Tura ce ta kai bango. Abin bincike shi ne yadda suka tafiyar da yaƙin da suka zaɓa, da kuma wanda ya biya farashinsa.

Madubin Girka

Shekaru kusan ashirin kafin haka, Girkawa sun ga irin wannan rana. Lokacin da Jamus ta mamaye ƙasarsu daga 1941 zuwa 1944, jam'iyyar kwaminis ta KKE ce ta jagoranci ƙungiyar gwagwarmaya mafi girma, EAM, da rundunarta ELAS. Sun samu farin jini a ƙauyuka domin su ne suka tsaya a lokacin da sarki da gwamnatinsa suke gudun hijira. Abin da ba su sani ba shi ne, a watan Oktoba 1944 Churchill da Stalin sun zauna a Masko sun yi rabon yankuna, Girka ta faɗa rabon Ingila. Bayan faɗan da ya ɓarke a watan Disamba sojojin Ingila suka fatattaki ELAS daga birnin Atina, Stalin bai ce uffan ba. A yarjejeniyar Barkiza ta Fabrairu 1945 suka miƙa makamansu, daga nan 'yan bangar masu ra'ayin sarauta suka shiga farautarsu gida gida.

A wannan hali ne sakataren jam'iyyar, Nikos Zakariyadis, ya dawo. Ya shafe shekarun yaƙin a tsare, na ƙarshensu a sansanin Dachau na Jamus, don haka bai ga yadda aka gina gwagwarmayar a duwatsu ba. Shi ne ya sa jam'iyyar ta ƙaurace wa zaɓen 31 ga Maris 1946, ta bar majalisa ga abokan gaba. A watan Oktoba aka kafa rundunar 'yan tawaye ta DSE ƙarƙashin Markos Bafiyadis, tsohon ma'aikacin taba wanda ya yi yaƙi da Jamusawa ya kuma san ƙasa. Markos ya so a ci gaba da yaƙin sari-ka-noƙe, a gajiyar da gwamnati har ta nemi sulhu. Zakariyadis kuwa runduna irin ta gwamnati yake so, mai kama birane ta riƙe, domin a samu hedikwatar da ƙasashen gurguzu za su amince da ita. Aka kai hari Konitsa a Disamba 1947 aka kasa, aka sake kai wa Florina a Fabrairu 1949 aka yi mummunar asara. Kafin wannan hari na biyu an riga an tuɓe Markos.

A ɗaya ɓangaren, Amurka ta karɓi ragama daga Ingila bayan jawabin Shugaba Truman na Maris 1947, ta kwararo kuɗi da makamai. Gwamnati ta kwashe dubban ɗaruruwan ƙauyawa daga duwatsu zuwa garuruwa, 'yan tawaye suka rasa mai ba su abinci da labari da sababbin mayaƙa, har suka koma ɗaukar matasa maza da mata da ƙarfi. Sai kuma bango ya tsage ta baya. A watan Yuni 1948 Stalin ya ɓata da Tito na Yugoslabiya, mutumin da sansanonin 'yan tawayen da asibitocinsu da hanyar makamansu suke ƙasarsa. Zakariyadis ya goyi bayan Stalin. A Yuli 1949 Tito ya rufe iyaka. A watan Agusta tungayensu na ƙarshe a duwatsun Bitsi da Gramos suka faɗi, ragowar mayaƙa suka tsallaka Albaniya, daga can aka watsa su ƙasashen gabashin Turai, da yawa har Tashkent.

Kakar 1964

Shugabannin Sawaba sun yi shekara biyar suna shiri. Jibo ya bar Bamako ya koma Akara, ƙarƙashin inuwar Kwame Nkrumah. Usman Ɗan Galadima, mutumin Madawa, shi ne jigon tsara harkar soja. Abdullahi Mamani, wanda daga baya ya shahara da littafinsa a kan Sarauniyar Lugu, yana riƙe da hulɗa da Aljeriya. An fitar da matasa a ɓoye, wasu zuwa karatu a ƙasashen gabashin Turai, wasu zuwa horon soja a Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya da Gana. Arewacin Nijeriya na cikin manyan hanyoyinsu, Kano kuma na cikin matattararsu, domin akwai 'yan'uwantaka ta jini da ta ra'ayi tsakaninsu da 'yan NEPU. Haka nan akwai irin wannan jituwa tsakanin gwamnatin Jori da ta Sardauna Ahmadu Bello, kowacce tana kallon 'yan sawaban ɗayar a matsayin barazana.

Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba 1964 mayaƙan, waɗanda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, suka fara kutsawa cikin Nijar ƙungiya ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma. Lissafin shugabanni shi ne, da zarar an ji ƙarar bindiga a 'yan wurare, talakawan da suka zaɓi raƙumi a 1957 za su tashi gaba ɗaya, gwamnati ta rushe. Akwai dalilan da suka sa suka yi wannan zato: jama'a na kuka da haraji da zaluncin 'yan bangar jam'iyya mai mulki, an yi yunƙurin bore a cikin soja a Disamba 1963, ga kuma rikici da Dahome a kan tsibirin Lete. Amma kallon kitse suka yi wa rogo. Gwamnati, da taimakon jami'an leƙen asirin Faransa, ta samu labari tun kafin su iso. Ministan cikin gida Jamballa Yansambu Maiga ya sa sarakuna da 'yan banga suka fito da ƙauyawa da kwari da baka da sanduna, aka shiga farauta a gonaki. An kashe ɗan ƙwadago Danduna Abubakar a yankin Ƙonni, aka kai gawarsa Yamai aka baje ta ga jama'a. Ranar 13 ga Oktoba aka harbe wasu mayaƙa huɗu a bainar jama'a a babban birnin. Cikin 'yan makonni aka karya lagon harin.

Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin idin Babbar Salla a Yamai, wani ɗan Sawaba mai suna Amadu Diop ya jefa wa Shugaba Jori gurneti. Jori ya tsira, wani yaro ƙarami ya mutu. Ga jam'iyyar da ta ce don talaka Musulmi take, jinin yaro a filin idi asara ce da ta fi ta fagen fama. Kame ya tsananta, aka cika gidajen kurkuku har zuwa Agadas da Bilma, wasu ba su fito da rai ba.

Daga nan sai maƙwabta suka fara zamewa. A watan Yuni 1965 aka hamɓarar da Ben Bella a Aljeriya. Nijar da ƙawayenta suka ƙaurace wa taron ƙungiyar haɗin kan Afirka da aka yi a Akara a Oktoba 1965, saboda Nkrumah na ba 'yan tawayensu mafaka. Ranar 24 ga Fabrairu 1966 sojoji suka kifar da Nkrumah, sababbin masu mulki suka rufe sansanonin horo, suka miƙa waɗanda suka kama. Jibo ya tsere zuwa Gini. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Inda labaran biyu suka haɗu

Akwai bambanci mai yawa tsakanin yaƙe-yaƙen biyu. Na Girka ya ɗauki shekara uku, da mayaƙa fiye da dubu ashirin da manyan duwatsun da za a ɓuya. Na Nijar bai kai ga zama yaƙi sosai ba, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa aka yi shi, inda rijiyoyi ƙidayayyu ne kuma baƙo ba ya ɓoyuwa a ƙauye. Duk da haka kurakuran jagoranci sun yi kama ta fuska uku.

Na farko, shugabannin sun ɗauki ƙaunar da aka nuna musu jiya a matsayin alkawarin mutuwa dominsu yau. Manomin Girka da ya ciyar da ELAS don korar Bajamushe bai zama dole ya yarda ya yaƙi ɗan'uwansa Bagirke ba. Manomin Tasawa da ya jefa wa raƙumi ƙuri'a a 1957 ya yi shekara bakwai yana zaune ƙarƙashin idon mai gari da ɗan banga, ya ga an ɗaure wakilan jam'iyyar da ya sani, ga gero a gona yana jiran girbi, ga iyali. Mayaƙan da suka yi horo a Sin an koya musu cewa ɗan sari-ka-noƙe kifi ne, jama'a kuwa ruwa. Ba a tsaya an duba ko kogin bai ƙafe ba.

Na biyu, masu yanke hukunci sun yi nisa da masu ɗaukarsa. Zakariyadis ya fifita ra'ayinsa a kan na kwamandan da ya san duwatsu. Jibo kuwa ya yi shekaru rabonsa da ƙasar Nijar, labarinta yana isa gare shi ne ta bakin 'yan gudun hijira da masu kai saƙo, mutanen da ɗokin komawa gida kan sa su faɗi abin da ake son ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan masu ɗakin ba su ne ke riƙe da akala ba.

Na uku, kowane ɓangare ya kafa tungarsa a gidan wani. Tito da Nkrumah sun ba da sansani da makami saboda lissafin kansu, kuma da lissafin ya sauya, ko mai gidan ya faɗi, sai baƙo ya tsinci kansa a fili. Tawayen da ba zai iya ciyar da kansa daga cikin gida ba, ranar mutuwarsa tana rubuce a fadar wata ƙasa.

Ɗaya sawabar

A nan ne tarihin Kano yake da abin faɗa. An kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, kuma 'ya'yanta sun sha irin azabar da 'yan Sawaban Nijar suka sha: bulala a kotun alƙali, ɗauri a gidan yarin En'e, duka daga 'yan banga, korar 'ya'ya daga aiki. Duk da haka Malam Aminu Kano bai kira kowa ga makami ba, bai kuma bar gida ba. Ya zauna a cikin mutanensa, inda duk mai ƙorafi zai iya zuwa ya same shi a zaure. Ya ci zaɓen majalisar tarayya a 1959, ya faɗi a 1964, ya jira. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta kafa gwamnati a jihohin Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da talakawan ɓangarorin iyaka biyu suka daɗe suna kuka da shi.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Malam yana da ƙofofin da Jibo ba shi da su. Nijeriya tarayya ce mai jihohi da jam'iyyu, NEPU na da ƙawa a kudu, wato NCNC, akwai jaridun Legas da za su buga kukanta, kuma ba a haramta ta ba sai da sojoji suka haramta dukan jam'iyyu a 1966. Jibo ya fuskanci jam'iyya ɗaya tilo wadda sojan Faransa ke gadinta. Saboda haka ba za a ce haƙuri kaɗai ne ya raba su ba. Abin da za a iya cewa shi ne, shugaban da yake kwana a garin da mabiyansa suke kwana ya fi sanin iyakar abin da za su iya ɗauka, domin duk abin da ya jawo musu zai same shi tare da su.

Kammalawa

Ƙarshen shugabannin ya ƙara fito da wannan. Zakariyadis ya rasa muƙaminsa a 1956, Tarayyar Sobiyet da ya yi wa biyayya ta kai shi Saiberiya, inda ya kashe kansa a garin Surgut a 1973. Markos ya koma Girka a 1983, har ya shiga majalisa kafin rasuwarsa a 1992. Jibo ya koma Nijar bayan Saini Kunce ya kifar da Jori a Afrilu 1974, aka sake kama shi a 1975 bisa zargin shirya juyin mulki, ya yi shekaru a tsare. Da aka dawo da siyasar jam'iyyu ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, ya samu ƙuri'u ƙalilan, ya rasu a Yamai a 1998. Manyan sun samu shafi a littattafan tarihi. Telan Damagaram da direban Maraɗi da suka amsa kira, suka bi ta Kano zuwa Sin suka dawo aka farauce su a gonar gero, mafi yawansu ko kabarinsu ba a sani ba.

A yau mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Ƙauyen Alu ko Tarauni yana wuce asibitin koyarwa mai ɗauke da sunan Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, yana iya zaton cewa sawaba hanya ɗaya ta bi. Hanya biyu ta bi, kuma ta biyun tana da haƙƙin a san ta, musamman a wannan zamani da matasan Sahel suka sake ɗaga murya a kan Faransa, wasu kuma suke kira gare su daga nesa da su fito su ba da jini. Tarihin 1949 da na 1964 bai ce zalunci abin haƙuri ne har abada ba. Ya dai bar wa duk wanda aka kira tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya amsa: mai kiran nan a ina yake kwana, yaushe rabonsa da garinmu, kuma in mai masaukinsa ya juya masa baya, wa za a bari a fili?